Ƙarfen Kare Ƙafa na Sista Atine

Lukuman mai walda yana da rumfa a unguwar Nasarawa Gwom da ke Jos, bayan layin masu katako, kuma duk wanda ya san shi ya san shi da ɗingishi. Ƙafarsa ta hagu ta ɗan fi ta dama gajarta, ƙwaurin ya karkace, ga wani faffaɗan tabon ƙuna daga idon sawu har kusa da gwiwa. Babur ne ya yi masa haka a hanyar Bukuru tun yana saurayi, lokacin yana aiki a sashen gyaran injuna na wani kamfanin kuza, inda mahaifinsa ma ya yi aiki bayan ya taso daga Kano. Tayar gaba ce ta zame a kan tsakuwa, babur ɗin ya kwanta a kansa, injin ya danne ƙafar, salansa mai zafi ta manne da fata, kuma sai da aka jima kafin wani ya zo wucewa ya ɗaga masa. Tun daga ranar bai sake hawa babur ba, amma rabin aikin da ke zuwa rumfarsa na masu babur ne.

A farkon shekarar 1977 Sista Atine ta zo rumfar da sabon babur ƙarami. Ungozoma ce a wani ƙaramin asibitin mishan, gajeriya mai kuzari, kuma ita ce ta karɓi haihuwar Balaraba, matar Lukuman, shekara biyu kafin nan, ranar da jaririyar ta taho da ƙafa maimakon kai. Tun daga nan gidan Lukuman suka ɗauke ta kamar 'yar uwa. Yanzu asibitin ya ba ta babur don ta riƙa zagaya ƙauyukan da ke yamma da Bukuru tana duba masu juna biyu.

"Sannu da aiki, Malam Lukuman," in ji ta, tana cire hular kwano. "Ina Balaraba, ina 'yata Hasiya?"

"Suna lafiya, Sista. Hasiya ta fara surutu, ba ta barin kowa ya huta."

Ta ce so take ya yi mata mazaunin ƙarfe a baya, inda za ta riƙa ɗaure akwatin kayan aikinta. Lukuman ya zagaya babur ɗin sau biyu, ya tsuguna ya dubi injin da salansa, ya miƙe.

"Mazauni ba wuya. Amma ba za ki fita da shi haka ba, Sista."

"Haka yaya?"

"Ba abin da ke tsakanin ƙafarki da ƙasa. In ya kwanta, a kanki zai kwanta."

Ya ɗage wandonsa ya nuna mata. Ba ya yi wa kowa haka. Atine ta duba ƙafar irin duban da take yi wa marasa lafiya, ba ta kau da kai ba.

"Na ga irinta a asibiti ba sau ɗaya ba," in ji ta. "Amma ka ga jikina. In ka ƙara masa nauyi, wa zai ɗaga mini shi a daji?"

"Ba zan sa mai nauyi ba."

Ya cika alkawari. Ya samo siririn bututu, ya gasa shi ya lanƙwasa, ya yi masa kunnuwa biyu kamar na tukunya, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu a gaban injin, daidai inda ƙafar mai tuƙi take. Ya ɗaure shi da noti a jikin firam, wato ƙashin bayan babur ɗin da ke riƙe da komai. Idan babur ya faɗi, kunnen ne zai fara taɓa ƙasa, ya bar wa ƙafa fili. Atine ta hau ta gwada, ta ce ba ta ma ji bambanci ba.

Ranar da aka yi ruwan farko na shekarar, tana kan Titin Bauchi, wata tasi da ke gabanta ta tsaya ba zato don ta ɗauki fasinja. Ta taka birki, kwalta kuwa ta jiƙe ga maiƙon mai, babur ɗin ya zame ya ja ta a ƙasa kusan taku goma. Da mutane suka ɗaga shi sai ta miƙe da kanta. Gwiwar hannunta ta ƙuje, siket ɗinta ya yage, shi ke nan. Kunnen ƙarfen na dama ya lanƙwashe baya, gefensa ya cinye kamar an goga shi a dutsen niƙa.

Washegari ta kawo shi rumfa tana dariya, masu katako da masu faci suka taru suna kallo. Kowa na cewa ai da ba don ƙarfen nan ba da ƙafar ta tafi. Lukuman bai yi dariya ba. Ya sa yatsa tsakanin kunnen da ya lanƙwashe da inda ƙafarta take, yatsa biyu kawai suka shiga. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne ƙarfensa ya lanƙwashe, kuma da ya ƙara kaɗan da ya same ta.

Ya ce ta bar masa babur ɗin kwana biyu. A wannan karon ya nemo bututun ruwa mai kauri, irin wanda ake jan ruwa da shi a filin kuza, ya ƙara wa kowane kunne faɗin tafin hannu guda, kuma maimakon noti sai ya yi masa walda a jikin firam ɗin gaba ɗaya. Ya hau kansa da ƙafarsa mai lafiya ya yi tsalle, ko motsi bai yi ba.

"Malam Lukuman, wannan bai yi faɗi ba kuwa?" in ji Atine da ta zo ɗauka.

"Faɗin shi ne aikin, Sista. Yanzu ko tirela ce sai ta yi da gaske."

Ta dube shi, ta ga yadda fuskarsa ta cika da jin daɗi. Ta yi godiya ta tafi.

Labarin faɗuwarta ya zagaya. Lokacin ma'aikatan gwamnati da yawa sun sayi babura bayan ƙarin albashin Udoji, kuma mafi yawansu ba su daɗe da koyon tuƙi ba. Akawuna suka zo, malaman makaranta suka zo, malamin gona ya zo, har da Hyginus mai sayar da kayan gyaran babur a kasuwar Terminus. Kowa cewa yake a yi masa irin na Sista. Lukuman ya yi musu irin na biyun, mai kauri mai faɗi. Duk lokacin da Atine ta tsaya gaisuwa, sai ya kira wanda ke kusa ya nuna masa, yana bubbuga ƙarfen da guduma don a ji ƙararsa.

Cikin watan Agusta na shekarar da ta biyo, wata ranar Laraba da hantsi, wata a-kori-kura ta tsaya a bakin rumfar. Mutum biyu suka sauke babur suka jingina shi da bango. Lukuman ya gane shi tun kafin ya cire gilashin walda. Fitilar ta fashe, kan ya karkace, laka ta bushe a jikinsa. Wanda ya sauko daga gaban motar shi ne Badung, mijin Atine, dogon mutum mai sanyin magana da ke koyarwa a wata firamare. Sau biyu ko uku kawai suka taɓa gaisawa. Hausarsa irin ta Jos ce, kuma idan ransa ya ɓaci ba ya raba mace da namiji a magana.

"Atine ya faɗi," in ji shi. "Jiya. Yana asibiti."

Lukuman ya yi salati. "Da rai dai?"

"Da rai. Hannu ya karye wuri biyu. Ido ɗaya ba ya buɗuwa." Ya nuna kunnen ƙarfen na hagu. "Wannan ne ya kama dutse. Hanya ƙarami ne, kowa yana wucewa da babur, ba wanda ya taɓa faɗi. Sai shi."

"Malam Badung, ni..."

"Ban zo faɗa ba. Na kawo maka ne ka gani da idonka. Hannun dama ne, Malam. Da shi yake karɓar haihuwa."

Ya koma cikin motar suka tafi.

Lukuman ya kashe wuta ya zauna a gaban babur ɗin. Kunnen hagu bai lanƙwashe ba ko kaɗan, sai wani farin gurzo a bakinsa inda ya daki dutse. Firam ɗin ne ya tsage, daidai inda ya yi masa walda. Ya gane abin da ya faru ba tare da an gaya masa ba. Ƙarfen ya ƙi ba da kai, sai babur ɗin ya tsaya cak, ya wurgar da ita ta gaba. Ya juya ɗaya gefen, ya ga kunnen dama shi ma ya gurje, laka ta toshe shi, alamar a nan babur ɗin ya kwanta daga baya. Ya daɗe yana shafa wurin da ya tsage da babban yatsa. Masu katako suka leƙo suka koma.

Kwana uku bai je asibiti ba. Yana fita rumfa, yana buɗewa, ya zauna. Wani akawu ya zo a yi masa ƙarfe, ya ce masa ba bututu. A rana ta huɗu da safe Balaraba ta dafa farfesun kaza ta zuba a kwano, ta ɗaure da ɗankwali, ta goya Hasiya, ta tsaya a kansa.

"Malam, tashi mu je."

"Ki je ki gaishe ta. Ki ce ina nan tafe."

"Ba zan faɗi haka ba. Ranar da nake kwance ina ganin mutuwa, matar nan ba aike ta yi ba, da ƙafarta ta zo. In zagi ne ka je ka sha, ba ya kisa."

Ya tashi ya sa hula.

Sun same ta zaune a kan gado, hannun dama cikin filasta daga yatsu har gwiwar hannu, an rufe idon hagu da auduga, gefen fuskar ya kumbura ya yi ja. Badung ba ya nan, ya je gida. Atine ta miƙa hannun hagu ta shafa kan Hasiya, ta amsa gaisuwar Balaraba, sannan ta juyo da idonta ɗaya kan Lukuman, wanda ya tsaya can bakin ƙofa.

"Malam Lukuman, ƙaraso mana. Ka tsaya kamar mai jiran allura."

Ya matso ya zauna a bakin benci. "Sista, sannu. Allah ya ba ki lafiya. Ni ne na ja miki."

"Bari in ba ka labarin tukuna."

Ta ce akwai wani ƙauye da sai an bar babbar hanya an bi ta cikin gonakin acca da dankali. Kafin a shiga gidajen akwai wani lungu, dutse ta hagu, shingen ƙerana ta dama, irin ƙayar nan mai farin ruwa da mutanen wurin ke kewaye gonaki da ita. Da ƙarfen farko tana wucewa ba tare da ta rage gudu ba. Da aka sa na biyu sai ya zama dole ta sauka ta tura, ta ɗan karkata babur ɗin kafin ya shige. Ranar Talatar nan wani mutum mai suna Pam ya zo asibiti a keke, ya ce matarsa tana naƙuda tun jiya abin ya ƙi. Ta riga shi yin gaba. Da ta iso lungun hankalinta na kan matar, ta ga kamar za ta iya ratsawa.

"Ji na yi kamar an fizge babur ɗin daga ƙarƙashina. Na tafi ta gaba, hannun ya riga ni sauka, kaina ya bugi dutse. Hular kwanon tana nan a gida, da za ka ga yadda ta loɓa. Da ba ta kaina da ba ni ke ba ka labari ba. Amma ka san ba ta da gilashi, sai fuskata ta faɗa cikin ƙeranar, ruwan ya shiga ido. Wannan ya fi karayar zafi."

Balaraba ta riƙe baki.

"Sai babur ɗin ya juyo ya faɗo mini a ƙafa. Ina jin zafin injin a fatata, ina jira in ji ƙashi ya karye, ban ji ba. Ƙarfenka ya tokare ƙasa. Da mata suka zo suka ɗaga, na zare ƙafata ko ƙwarzane babu."

"Da ba don shi ba ai da ba ki faɗi ba," in ji Lukuman.

"Haka ne. Ba zan ce maka ba haka ba ne."

Ta ce ta sa suka yi ta kwarara mata ruwa a ido har tulu ya ƙare, suka ɗaure hannun da zane, aka riƙe ta har ɗakin mai naƙudar. Ba ta iya taɓa komai ba. Wata tsohuwa ce ta zama hannunta, ita tana zaune a ƙasa tana cewa danna nan, jira, yanzu ja a hankali. Kafin la'asar aka haifi namiji, uwa da ɗa lafiya. Bayan nan ne ta yarda aka nemo mota.

"Akwai abin da ban gaya wa Badung ba, amma zan gaya maka," in ji ta. "Wata goma sha biyar ina sauka ina tura babur a wurin nan, da wasu wurare biyu. Sau nawa na zo rumfarka da niyyar in ce ka rage shi. Ina zuwa sai in tarar kana nuna wa mutane, kana buga shi da guduma. Sai in ji nauyi in fasa. Don haka kada ka kwashe laifin duka, ka bar mini nawa."

Lukuman ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Ranar da kika ce ya yi faɗi, ban tambaye ki me ya sa ba."

"Ba ka tambaya ba."

"Ni ƙafata kawai nake gani."

Balaraba ta buɗe kwanon ta fara ba Atine farfesun a baki, saboda hagun ba ta saba da cokali ba. Suka koma hirar Hasiya da tsadar tumatir.

Ranar Asabar Lukuman ya rufe rumfa ya shiga bas zuwa Bukuru, daga nan ya samu motar dankali ta sauke shi a mararraba, sauran mil biyu ya taka. Ƙafar ta yi ta yi masa zugi, ya zauna a hanya sau uku. Da ya tambayi gidan Pam aka nuna masa, ya faɗa masa ko shi wane ne. Ya yi tsammanin mutumin zai ɓata rai, sai ya ga ya kawo masa ruwa da kujera, daga baya ya raka shi lungun.

An riga an sare ƙeranar, sai kututtura. "Washegari muka sare," in ji Pam. "Kakana ne ya dasa, ba mu taɓa tunanin za ta cuci wani ba."

Lukuman ya ciro igiyar da ya auno faɗin babur ɗin da ita, ya ɗora baki ɗaya a jikin dutsen inda ƙarfen ya bar farin tabo, ya ja zuwa kututturen. Igiyar ta wuce da yatsa uku. Ya nannaɗe daidai faɗin ƙarfen farko ya sake gwadawa, ya ga fili ya rage har da saura. Pam ya nuna masa inda babur ɗin ya kwanta, da ramin da kunnen dama ya huda a laka, da wani ƙaramin dutse mai kaifi a gefensa, inda ƙwaurin Atine yake.

"Masu babur na nan suna sa irin ƙarfen nan?" in ji Lukuman.

"Mutum biyu ne ke da babur a nan. Ba su sa ba, hanya ba ta bari. Amma ka ga ƙafar ɗayansu, duk ƙuna ce."

A makon da ya biyo baya Lukuman ya shiga neman mutanen da ya yi wa ƙarfe, da zarto a jaka. Wanda ya samu sai ya tambaye shi inda yake bi da babur. Akawunan da ba sa barin kwalta ya ce musu su kawo ya cire waldar ya mayar da noti. Malamin gona ya yi ta kame-kame, daga bisani ya ce shi tun bara ya sa an yanke nasa, domin ya kayar da shi sau biyu a kan kunyar gona, kuma ya riƙa zagaye layin rumfar don kada Lukuman ya gani. Wani malamin makaranta kuma ya rantse ba mai taɓa nasa, ya ɗage wando ya nuna ƙafa lafiyayya, ya ce wata motar burodi ta buge shi a shataletale, ƙarfen ne ya karɓi dukan.

Hyginus ma ya ƙi. Ya fito daga shagonsa a Terminus ya tsaya gaban babur ɗin ya buɗe hannuwa.

"Oga Lukuman, ka bar mini kayana. Ni daga gida zuwa kasuwa, daga kasuwa zuwa coci. A nan nake rataye galan, a nan nake rataye taya. Ka yanke, ina zan sa?"

"Ba don rataya aka yi shi ba."

"Na sani. Amma yana ratayuwa."

Lukuman ya yi murmushi, karo na farko cikin makonni, ya mayar da zartonsa jaka.

An cire wa Atine filasta bayan wata biyu. Idon ya warke, sai dai yana yawan hawaye idan rana ta yi zafi. Wuyan hannun ne ya ƙi komawa daidai. Yatsun suna aiki, ta koma karɓar haihuwa a asibiti, amma ba ta iya lanƙwasa shi baya, kuma da wannan lanƙwasar ake murɗa totur a ba babur wuta. Ta gwada a tsakar gida da babur ɗin wani maƙwabci, ta sauka tana riƙe da hannun. Asibitin ba shi da wata ungozomar da ta iya babur, don haka zagayen ƙauyukan ya tsaya. Balaraba ce ke kawo wa Lukuman waɗannan labarai, shi kuwa ya gyara firam ɗin, ya sauya fitila, ya miƙar da kan, ya lulluɓe babur ɗin da buhu a ƙuryar rumfa. Ba wanda ya zo ɗauka, shi ma bai aika ba.

Sai da aka yi hutun Kirsimeti Badung ya zo, Atine na biye da shi. Suka gaisa a tsaitsaye. Badung ya yi gyaran murya.

"Ta dame ni," in ji shi. "Kullum maganar matan ƙauye. Wance ta kusa, wance ba ta da jini. Na ce to, ranar Asabar ba makaranta, ni zan riƙa kai ta." Ya sosa ƙeya. "Amma keke kawai na iya."

"Wanda ya iya keke ya yi rabi," in ji Lukuman. Ya yaye buhun. Babur ɗin ba ƙarfe a jikinsa, ya yanke shi ya goge wurin. "Ban sa komai ba. Ban san abin da kuke so ba."

Badung ya dubi wurin ya daɗe. "Ni in don ni ne, kada a sa. Ganinsa ma ba na so. Amma ita ta san hanya."

Atine ta sa Badung ya hau ya ɗora ƙafafunsa inda ake ɗorawa. Ta tsuguna ta auna da hannun hagu daga injin zuwa gefen gwiwarsa.

"Iyakarsa nan. Kada ya wuce gwiwa. Inda gwiwarsa ta shige shi ma ya shige. Siriri, da noti."

"Zai lanƙwashe in an faɗi," in ji Lukuman.

"Sai mu kawo ka miƙar."

Koyon ya ɗauki kwana tara, a filin ƙwallon makarantar su Badung, kullum bayan la'asar. Lukuman ba ya hawa, sai ya tsaya a tsakiyar fili yana juyawa da babur ɗin, yana cewa saki kulochi a hankali, duba gabanka ba taya ba. Badung mutum ne mai tsoro da taka-tsantsan, injin ya yi ta mutuwa a hannunsa, sau ɗaya kuma ya nufi ragar gola kai tsaye ya manta inda birki yake. Ba sa hira in ba ta babur ba. A rana ta tara Atine ta hau baya da akwatinta, suka zagaya filin sau biyar, ta sauka ta ce tafiyar hawainiya yake yi amma za su isa.

Kusan shekara biyu Badung yana kai ta ƙauyukan duk Asabar, har asibitin ya samu wata matashiyar ungozoma da ta karɓi zagayen. Hannun Atine bai ƙara lanƙwasuwa ba har ta yi ritaya. Badung da Lukuman ba su zama aminai ba, amma idan ya biyo ta Nasarawa Gwom yakan tsaya a bakin rumfa, ƙafa ɗaya a ƙasa injin na aiki, ya tambayi lafiyar iyali, wani lokaci ya sauke ɗan buhun dankalin da mutanen ƙauye suka ba su, ya ce Atine ta ce a kai wa Balaraba.